Yalwar riga daban, rashin awo daban



Duk shekara idan Sallah ta matso, labarin ɗaya ne a gidajenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Tun farkon azumi an tura kuɗi Kano, an yanko atamfa ko leshi a Kantin Kwari, an kai wa tela, an tura masa hoton ɗinkin da ake so ta WhatsApp. Ana saura kwana biyu Sallah kaya su iso tasha. A kwance leda da murna, a zura riga, sai jiki ya yi sanyi. Kafaɗa ta zubo har damtse, hannu ya rufe yatsu, ƙasan riga yana share tsakar gida. Wata kuma tata zif ne ya ƙi rufuwa. Tela yana can kusan kilomita 1,000 daga nan, balle a mayar masa. Kuɗi sun tafi, ga Sallah ta zo.

Mu mata mazauna Legas mun daɗe muna haɗiye wannan takaici, kuma muna ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin laifin namu ne, domin mun ɗauka riga mai yalwa ba ta buƙatar awo.

Yanzu yayin manyan kaya ake yi. Bubu ta dawo da ƙarfinta, daga ta adire da ake sarowa a Itoku ta Abeokuta har ta leshi da ake zuwa biki da ita. Abaya mai faɗi da doguwar riga mai hannun jemage sun cika shagunan Balogun da Idumota. Mun yi murna da wannan yayi, don ya zo daidai da tarbiyyarmu. Shekarun baya mace sai ta zagaye kasuwa ba ta samu rigar kanti da za ta fita da ita ba tare da ta matse ta ba. Malamanmu kuma kullum suna tunatar da mu cewa suturar mace ta rufe jiki, kada ta ɗame, kada ta zama shara-shara. Ga zafin Legas, ga masu ciki da masu goyo da jikinsu ke canzawa. Duk wadda ta ce yalwa ta fi mata kwanciyar hankali, gaskiyarta ne.

Inda muka rabu da 'yan kasuwa shi ne rigar da suke kira firi-saiz, wai ta shiga kowa. Ta yaya riga ɗaya za ta dace da doguwa da gajera, da siririya da mai jiki? Abin da ake yi shi ne a yanka yadi da girma, a bar mai saye da wahalar. Ku dubi babbar rigar mazajenmu. Duk faɗinta, sai tela ya auna tsawo, ya daidaita wuya, shi ya sa take zama daram a jiki. Ita ma bubu mai kyau haka take: wuya da kafaɗa da tsawo na mai ita ne, yalwar kuma daga ƙirji zuwa ƙasa take sauka. Idan waɗannan ukun suka kuskure, wuyan riga ya riƙa zamewa, mace ta wuni tana janyo shi, suturar da aka nema ma ba a samu ba.

Abin bai tsaya ga ado ba. Wadda take hawa babur ko keke ta san haɗarin ƙasan riga ko hijabi ya shiga taya. Wadda take girki ta san yadda faffaɗan hannu ke kusantar wuta. Da damina kuwa, ƙasan abaya ya kwashi ruwan kwata tun daga bakin titi, kuma da ita za a tsaya sallah. Sannan ga asarar kuɗi. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma kowa ya san abin da ake biya kafin a mallake shi a yau. Idan ɗinki ya lalace, turmi guda ya tafi ke nan.

Wani abin da ke ruɗa mu shi ne lambobin da ke jikin kaya. Masu sayen gwanjo a Katangowa ko Yaba su sani, kowace ƙasa da lissafinta. Rigar da Ingila ta rubuta wa 12, Amurka 8 take kiran kusan irinta, ƙasashen Turai da dama kuma 40. Kayan da ake kawowa daga Sin galibi sun fi ƙanƙanta, har XL ɗinsu ta kasa shiga wadda ta saba da L. Ita kuwa abaya, lambobin nan 52, 54, 56, 58 tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba. Mace mai jiki amma gajera idan ta ɗauki 58 don tana neman yalwa, tsawo ta saya, sai ta riƙa taka ta.

To mene ne mafita? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar ɗinki dai kimar ido ba ta isa, sai an sa tef. Kowace mace ta samu 'yar uwarta ta auna ta, a rubuta a takarda, a kuma adana a waya: faɗin kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawon hannu, kaurin damtse, da tsawon riga daga kafaɗa zuwa idon sawu. A faɗa wa tela da inci aka auna ko da santimita, don inci ɗaya ya haura santimita biyu da rabi. A sake awo bayan haihuwa ko idan jiki ya canza. Idan da hali, a haɗa da tsohuwar rigar da ta zauna da kyau a aika masa ya kwatanta. A roƙe shi ya bar rara a cikin ɗinki, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Yadin auduga kuma yakan ɗan tsuke a wankin farko, a yi lissafi da wannan.

Iyayenmu mata, a daina ɗinka wa yarinya rigar da za ta girma a ciki har ta riƙa tuntuɓe a hanyar Islamiyya. A kalmashe ƙasan, in ta ƙara tsawo a warware. Mazajenmu masu yi mana tsaraba daga Saudiyya ko Dubai, Allah ya saka da alheri, amma ku tafi da lambarmu a aljihu. Telolinmu kuma, idan an kawo aiki babu awo, ku tambaya kafin ku sa almakashi.

Akwai kuma abin da ya rage gare mu a matsayin al'umma. Da yawanmu ba ma yin awo ne saboda kunyar tsayawa gaban tela namiji, matan da suka iya ɗinkin Arewa kuma ba su da yawa a nan. Muna da 'yan mata da zawarawa a unguwanninmu da ke neman sana'a. Da za mu haɗa hannu mu sa wasu su koyi awo da yanka da gyaran kaya, mu taimaka musu da keken ɗinki, da kuɗinmu sun zauna a cikinmu, gyara kuma ya zama na ƙofar gida. Muna roƙon shugabannin mata su sa wannan a zamanmu na gaba, tun kafin wata Sallar ta zo.

Allah ya rufa mana asiri, ya suturta mu duniya da lahira.