Magana A Kan Sensar Salansa In Ta Cije

 Mun saba kawo muku kuɗin gero da masara da rogo. Yau kuwa maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ne wanda bai fi tsawon yatsa ba, amma yana da hannu a cikin kuɗin kowane buhu da aka ɗora wa mota.

Abin da ya jawo zancen, ran wata Alhamis, ranar kasuwar Batsari, mun iske wani direban Golf zaune a bakin gareji ya yi tagumi. Motarsa ta fara shan mai, fitilar injin ta kama, aka ce mishi sensar salansa ce. Yaron gareji ya sa sufana mai buɗaɗɗen baki, ya ja, ta zame. Ya sake ja, kan sensa ya goge ya koma kamar kwabo. Sai aka ɗauko guduma da kurfi. Kafin la'asar sensa ta karye a cikin raminta, haƙoran ramin sun cinye. Mai walda ya toshe wurin, aka ce wa direba: "Tafi abinka, ai dama ba ta da wani amfani." Kasuwa ta tashi bai yi lodi ko ɗaya ba, motarsa kuma ta fi da shan mai.

To, mu ra'ayinmu shi ne wanga aiki ɓarna ne, kuma laifin na mutum biyu ne: makanike mai gaggawa, da mai mota wanda ba ya son biyan kuɗin haƙuri.

Da farko a san aikin abin. Sensar nan tana shinshina hayaƙin da ke fita daga inji, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko iska ce ta yi yawa. Ma'aunin da ake nema shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 a nauyi. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ta, aka fara sa ta a motar Volvo a 1976. Masu cewa, "Ai Fijo 504 ta iyayenmu ba ta da sensa, kuma ta kai Legas ta dawo," gaskiyarsu ne. Amma waccan da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kafireta gare ta, da hannu ake saita ta. Motar injekta kuwa da kunne take aiki. In ka yanke mata kunne, sai ƙwaƙwalwa ta koma kintace, kintacenta kuwa yawanci ƙarin mai ne. Sai baƙin hayaƙi, fulogi shi yi baƙi, ƙarfi shi ragu.

Da can ana iya kau da kai. Amma tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A ɗauka motarka tana ƙara shan lita 2 kacal a yini tsakanin Batsari da Katsina. Kwana 26 na aiki, lita 52 ke nan. A kan naira 1,000, ka ƙone 52,000 a wata ba fasinja ba kaya. Wa zai biya? Mai buhun rogo, da matar da za ta saye shi a mudu. Ga kuma abin da kowa ya sani: hanyoyinmu na gefen dajin Rugu ba wurin da mutum zai so motarsa ta tsaya da magariba ba ne.

Me ke sa ta cije? Zafi da sanyi kullum, ga ruwan damina da taɓo, sai tsatsa ta haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya. Abin da ya yi shekara goma yana haɗuwa ba ya rabuwa da fushin minti biyar. Ga yadda muka ga gwanaye na yi.

Na ɗaya, a sa wa mota kwamfuta a tabbatar sensar ce ta mutu. Sau da yawa waya ce ta tsinke, ko salansa ke yoyo. A kuma san wacce ce, don motoci da yawa biyu gare su: ta gaba ita ke saita mai, ta baya tana gadin matatar hayaƙi ne.

Na biyu, a tokare mota da abin da ba zai goce ba. Kada wani shi shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai.

Na uku, a fesa man sassauta tsatsa irin su WD-40 a gindinta, a bari shi jiƙa, in da hali shi kwana. Da safe a tada inji na 'yan mintoci, salansa ta yi ɗumi, a kashe.

Na huɗu, a zare soket ɗin waya tukuna. Kan sensa lamba 22 ne a yawancin motoci. A sa sufana mai zobe ko soket mai tsaga wanda aka yi don ita. In an tabbata ta mutu, a yanke wayar a sa soket mai kusurwa shida, ya fi kamawa. A ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan, sannan a kwance, gaba da baya, ana ƙara mai.

Na biyar, in ta ƙi, a goge man, a gasa bakin ramin da wutar walda, ramin ba sensar ba, ana lura da tiyon fetur da tanki. Ƙarfe in ya ji wuta yana buɗewa.

Na shida, kafin a ɗaura sabuwa a share haƙoran ramin, a shafa man hana cijewa a haƙora kawai, kada shi taɓa kan da ke shiga hayaƙi. A fara murɗawa da hannu. In ramin ya lalace, a cire kan batir, a yi waldar sabon rami. Kada a toshe.

Duk wannan yana cin rabin yini. A nan ne muke juyowa ga masu mota. In ka tsaya a kan makanike kana duba agogo, kana cewa "Malam, yi sauri fasinja na jira," kuma kuɗin aikin da za ka ba shi bai kai na lita biyu ba, to kai ka miƙa mishi guduma. Ku yi ciniki tun farko a kan aikin yini, ka kawo motar ranar da ba kasuwa. Makanikai kuma, soket guda na gareji duka ya isa, ku haɗa kuɗi ku saya. Sauri ya haifi nawa.

Sai gargaɗi biyu na ciniki. In za ka sayi sensa, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohuwar a hannu, a gwada lamba da soket da yawan waya. Araha ba ta ado. Sannan in an kwance salansa, tsaya a wurin. Matatar hayaƙin nan da ake kira indomi tana da ƙarafa masu tsada a ciki, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu sayenta. Wanda ya ce maka ta toshe a fasa a zubar, ka ce shi nuna maka, kuma ko ta lalace taka ce, ka karɓi abinka.

Wanda ya karanta shi gaya wa wanda bai karanta ba. Allah shi kiyaye hanya, shi ba da kasuwa. Haza wasalam.