Feshin Watari da Jijiyar da ke Umartar Fankiriyas

Tun kafin loma ta isa ciki, ƙamshin tuwo kaɗai kan sa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyar bagus zuwa fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi, domin ta soma sakin ruwan narkar da abinci. Ɗan aiken shi ne sinadarin asetilkolin, kuma da zarar ya isar da saƙo, wani sinadarin kan rushe shi.

Wannan birkin ne magungunan ƙwari irin su diklobos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, suke lalatawa. Sai umarni ya ƙi yankewa: yawu ya dalalo, ƙwayar ido ta tsuke, fankiriyas ta yi ta tsiyaya alhali bakin bututunta ya matse, wani lokaci har ta kumbura.

A gonakin rani na Watari da ke Bagwai, inda ake feshin tumatir, sau da yawa ba takunkumi ba safar hannu, ganganci ne a sallami manomi da maganin olsa idan ya zo da ciwon ciki mai ratsawa har gadon baya. Kamata ya yi ma'aikacin lafiya ya fara da tambayar ranar da ya yi feshi, da sunan maganin.