Sayar da tsofaffin kayan sawa ta waya: ribar ta kai wahalar kuwa?

Yau ba saitin waya kaɗai za mu yi ba, har da lissafi.

Idan ka buɗe durowarka yanzu, ko ki ɗaga murfin akwatinki, da wuya a rasa kaya kala biyar zuwa goma da suka shekara biyu ba su ga rana ba. Shaddar da ta yi maka kaɗan, ankon bikin da aka saka sau ɗaya, abayar da aka daina yayinta, kayan yaran da suka girma suka bar su. Ga waya a hannu, ga WhatsApp, ga Facebook, ga kuma tsadar rayuwa. Dole zuciya ta raya maka: me zai hana in ɗauki hotonsu in ɗora, in samu na cefane?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Ga mafi yawan kayan da ke cikin durowar nan, wahalar ta fi ribar. Amma akwai wasu 'yan kaya da barinsu a ajiye asara ce, kuma su kaɗai suka cancanci datarka da lokacinka. Aikin shi ne ka iya raba su.

Bari mu fara da inda mutane ke samun wannan sha'awar. A Turai akwai manhajoji irin su Vinted, wadda aka kafa a ƙasar Lituweniya a 2008, inda mutum zai ɗora rigarsa, mai saye ya biya ta cikin manhajar, manhajar ta riƙe kuɗin har sai kaya sun isa, sannan ta sakar wa mai sayarwa. Aikawa ma an tsara ta: ka naɗe kaya, ka kai wurin ajiya, shi ke nan. Bidiyon da kake gani a TikTok na masu cewa sun tara kuɗi da tsofaffin kayansu, yawanci a kan irin wannan tsarin suke magana. Mu nan abin da muka fi amfani da shi daban ne. Jiji, wadda ta fara a Legas a 2014, da Facebook Marketplace da status ɗin WhatsApp, duk allon talla ne. Suna haɗa ka da mai saye, daga nan ciniki da karɓar kuɗi da kai kaya da rigimar da za ta biyo baya duk a wuyanka suke. Kai ne mai shago, kai ne mai hoto, kai ne ɗan aike.

Sannan kana da babban kishiya: gwanjo. Wanda zai iya shiga Ƙofar Wambai a Kano, ko layin 'yan gwanjo na kowace babbar kasuwa, ya ɗaga riga ya duba ta ciki da waje, ya gwada a jikinsa, ya taya, don me zai sayi tsohuwar rigarka da bai gani ba sai a hoto, ya kuma biya kuɗin kawowa? Farashin gwanjo shi ne silin ɗinka. Duk ƙananan kaya na yau da kullum, irin su rigunan shan iska da wandunan jins da kayan barci, ba za ka wuce wannan silin ba, kuma da kuɗin aike ya hau kai ka riga ka faɗi.

Sai matsalar da ta fi shafar mu Hausawa, wato ɗinki. Mafi yawan kayanmu tela ne ya auna jikinmu ya yanka. Babu lambar girma a wuyan riga da za ka rubuta kowa ya gane. Atamfar da kika saya da tsada, kika biya tela, ranar da almakashi ya shige ta darajarta a kasuwa ta zube, domin yanzu sai mai irin kafaɗarki da ƙugunki da tsayinki ce za ta saya. Anko kuwa ya fi muni. Kowa a unguwa ya san na bikin wane ne, kuma akwai mutum talatin da ke da irinsa a ajiye.

Mu yi lissafin misali. A ce kin ɗora riga da siket na atamfa a kan naira 6,000. Mutum goma sun tambaya "nawa?" duk da kin rubuta farashin a ƙarƙashin hoton (wannan ɗabi'a tamu sai addu'a). Uku sun ce a turo ƙarin hoto, ɗaya ta ce bidiyo. Bayan kwana huɗu wata ta taya 3,500, kuka daidaita a 4,000. Tana wata unguwa, a ce ɗan sahu zai karɓi 1,000, ta ce ku raba. Saura 3,500. Cire wanki da guga, cire data, wadda kowa ya san ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Abin da ya rage shi ne ladan kwana huɗu na amsa saƙo. In kuma ta saka ta ce hannun ya matse ta, sai a buɗe sabon babi.

To waɗanne ne suka cancanta? Na farko, duk yadin da ba a ɗinka ba. Turmin atamfa mai kyau, leshi, shadda mai tsada da ke cikin ledarta, irin waɗanda suke kwance a akwatin lefe shekara da shekaru. Waɗannan suna da suna, suna da farashin da za a iya tambayowa a Kantin Kwari, kuma ba ruwansu da girman jiki. Da yake kuɗin kaya hawa yake yi, ba abin mamaki ba ne ki sayar da turmi sama da yadda aka saye shi shekara huɗu da suka wuce. Na biyu, kayan da girmansu ke da sassauci: abaya, jallabiya, babbar riga mai aiki, mayafi mai tsada, jaka, takalmin da lambarsa ke rubuce. Na uku, kayan yara, amma a dunƙule. Kada ki ɗora rigar jariri ɗaya-ɗaya, ki haɗa kala goma na ɗan wata shida zuwa shekara, ki sa musu kuɗi ɗaya. Aike ɗaya, ciniki ɗaya.

Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne: idan kuɗin kai kaya zai cinye sama da kashi ɗaya cikin huɗu na farashin, kada ka ɗora shi shi kaɗai.

Yanzu ga ɓangaren waya. Hoto shi ne rabin ciniki. Ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ka ɗauka da hasken rana kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ka kashe filasha, kuma don Allah ka bar tace hoto da ƙara masa kala. Shuɗin da ya koma kore a hannun mai saye shi ne mafarin "ba wannan na gani ba". Ka ɗauki gaba da baya, ka matso da kyamara kan duk wani tabo ko zare da ya fita, ka nuna shi da kanka. Bayyana aibin kaya haƙƙin mai saye ne a addinance, kuma shi ne hujjarka in an dawo da ƙorafi. Ka sa tef ɗin tela ka auna tsayi da faɗin ƙirji da hannu, ka rubuta da inci. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, saboda haka in za ka tura wa mai saye ka danna alamar HD kafin turawa.

Game da inda za a ɗora, status ɗin WhatsApp ya fi saurin kawo ciniki saboda waɗanda suka san ka ne ke gani, akwai yarda. Sai dai yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: kunya. Uwar miji da 'yan uwan miji suna cikin masu kallo, kuma ba kowace mace ce za ta so a ga kayan lefenta a kasuwa ba. Maganin wannan yana cikin saiti. Ki shiga Settings, ki zaɓi Privacy, sai Status, sai My contacts except, ki cire waɗanda ba kya so su gani kafin ki ɗora, domin saitin ba ya aiki a kan abin da aka riga aka ɗora. Idan kayan suna da yawa, WhatsApp Business kyauta ce kuma tana da Catalog, inda kowane kaya zai zauna da hotonsa da farashinsa ba tare da ya ɓace ba. Jiji da Marketplace sun fi kawo baƙi, sun fi dacewa da kaya masu tsada, amma a nan ne ake buƙatar buɗe ido.

Kada ka saki kaya saboda an turo maka hoton rasit ko saƙon alat. Duka biyun ana ƙirƙirar na bogi cikin minti ɗaya. Ka buɗe manhajar bankinka, ko OPay ko Moniepoint ko wacce kake amfani da ita, ka ga kuɗin sun zauna a asusunka da idonka. Wanda ya ce ya yi kuskuren turo fiye da kuɗin kaya, ka mayar masa da ragowar, tsohuwar dabara ce. Wanda ya ce zai turo maka wasu lambobi ka karanto masa don ya tabbatar da kai ne, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa. Lambobi shidan nan ba a ba kowa, kuma ka kunna Two-step verification tun kafin ka fara hulɗa da baƙi. 'Yan uwa mata, kada ki ɗauki hoton kayan a jikinki, ki rataye su a hanga, kuma kada ki kwatanta wa baƙo gidanku. A haɗu a bakin shago ko wurin mai POS da kuka sani, ko ki aiki ƙaninki.

In kayan za su bar gari, a kai tasha a ba direba, ka ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka tura wa mai saye lambar direban. Ku yi magana tun farko a rubuce kan wa zai biya kuɗin mota, kuma ka karɓi kuɗinka kafin kaya su tashi.

Akwai masu cewa ai ko naira dubu ɗaya ce ta fi babu, kuma a wannan yanayin ba zan raina wannan magana ba. Wanda ba shi da na abincin dare ba ya lissafin kuɗin lokacinsa. Amma ko shi, intanet ba lallai ita ce hanya mafi sauri ba. Tun kafin a san wayar salula akwai dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin kaya, ta san wace ce ke neman me, ta san girman jikin kowa a unguwa, ta iya rufa asiri, ta cire la'adarta ta kawo miki sauran. Ga ɗinkakkun kaya masu matsakaicin kuɗi, har gobe ta fi status. Da yawansu ma yanzu suna da nasu rukunin WhatsApp, wato ita za ta yi wahalar hoton da amsa "nawa?" a madadinki.

Sauran kayan da ko dillaliya za ta yatsina fuska in ta gani, amma ba su yage ba, ka wanke su ka goge, ka ba mai aikin gida ko almajirin unguwa ko gidan marayu, musamman rigunan sanyi kafin hunturu ya shigo. Waɗanda suka mutu murus kuma su zama tsumman goge-goge.

Idan kana son ka gwada, ka ware kaya uku mafi daraja, ka tambayo farashin sabonsu a kasuwa, ka sa wa wanda aka taɓa sakawa kusan rabin wannan kuɗin, ka bar ɗan wurin ragi. Ka ba su mako biyu. Wanda bai tafi ba ka sauke farashinsa sau ɗaya, in ya ƙara mako bai motsa ba ka goge tallar ka miƙa wa dillaliya.