Haƙƙin Ɓera a Kan Mai Kiwonsa

Mutumin da bai san ɓera ba sai a matsayin ɓarawon rumbu zai yi mamaki ƙwarai in ya ji cewa a ƙasar Ingila, tun shekarar 1895, akwai ƙungiyar masu kiwonsa don sha'awa, suna zaɓen launin gashinsa, har suna shirya gasa a kansa. A ra'ayina, duk wanda ya tsare wata halitta a keji, komai ƙanƙantarta, ya ɗauki amana, kuma wajibi ne ya san ɗabi'arta. Haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, saboda haka in ba a ajiye masa ɗan itacen da zai riƙa gwaigwaya ba, sai su yi tsawo har su hana shi cin abinci. Kaɗaici kuwa azaba ne ga matan, alhali mazan sukan yi faɗa har su ji wa juna rauni. Macen tana haihuwa bayan kwana 19 zuwa 21 kacal da ɗaukar ciki, don haka haɗa mace da namiji ba tare da shiri ba sakaci ne. Wanda ba zai iya share keji ya sauya ruwa a kai a kai ba, lalle ya haƙura da wannan kiwo.