Wasiƙa ga maharba: a tambayi takarda kafin a shiga daji



Ranku ya daɗe sarakunan baka, iyayena da yayyena maharba, musamman masu bin tsuntsu da bindiga, zabon daji ne ko fakara, dinya ce ko kirinjijiya. Ina so in kawo muku labarin wata al'ada ta maharban talo-talon daji a Amurka, don akwai abin ɗauka a cikinta, akwai kuma abin da gara a bar musu kayansu. Kafin lokacin farauta ya kama, mutum kan kafa takarda mai faɗi, ya ja da baya, ya ɗirka mata harbi, sannan ya zauna ya ƙirga ƙwayoyin da suka huda ta ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san dalili ba cewa zai yi asarar harsashi ce kawai.

Tsuntsun ne ya tilasta musu. Talo-talon daji ba irin wanda ke yawo a tsakar gida ba ne, yana da gudu, yana tashi sama, ga ido kamar me, kuma babban zakara yakan kai kilo 8 zuwa 10. A farkon ƙarni na 20 saura kaɗan ya ƙare saboda sare dazuzzuka da harbi ba ƙaidi. Dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji, da aikin kama tsuntsayen da raga ana kai su dazuzzukan da suka ɓace daga cikinsu, da ƙungiyar National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973, su suka taru suka farfaɗo da shi. Yau ana lissafinsa da miliyoyi, kuma ana farautarsa a kowace jiha ban da Alaska. Abin da aka sha wahala kafin a dawo da shi, ba a son a ga an raunata shi a banza.

A farautar bazara, galibi mai gemu kaɗai doka ta yarda a harba, wato zakara. Namu maharbi kan ɗaura kan burtu ya lallaɓa ya je wa tsuntsu. Nasu kan jingina da gindin bishiya tun da asuba, yana kwaikwayon kukan mace har zakaran ya tako da ƙafarsa. Idan ya iso, ba a harbin jiki. Gashinsa mai kauri ne, ƙasusuwan fiffike na tare ƙwaya, sai ka ga an same shi sarai amma ya tsere ya mutu a wani wuri. Kai da wuya ake nema, kuma cikin wuyan ma ƙashin, wanda bai fi kaurin yatsa ba. To harsashin tsuntsu kuwa, kun fi ni sani, kamar watsa gero ne da hannu: kusa da kai a dunƙule, nesa a warwatse. Tambayar ita ce, a ina warwatsuwar ta kai yadda kan tsuntsu zai iya tsayawa a tsakiyarta ba tare da ko ɗaya ta taɓa shi ba? Bindiga ba ta faɗa da baki, mai sayar da ita ma bai sani ba.

Ga yadda suke yi. Takardar farko ba hoton tsuntsu ba ce, fara ce fes, faɗinta ya kai yadi ɗaya ko fiye ta kowane gefe, da ɗigo guda a tsakiya. Dalilin faɗin shi ne, in takarda ƙarama ce kuma bindiga na kaucewa, gefen harbin kawai za ka gani, ka ɗauka bindigar ce ba ta tara ƙwaya, alhali tarin ya wuce ta gefe. Maharbi kan zauna, ya ɗora bindigar a kan buhun yashi don kada rawar hannu ta shiga lissafi, ya toshe kunne, ya fara daga kusa, kamar yadi 15, da harsashi mai araha. A wannan mataki ba ƙirga ake yi ba, ana duba ko inda ido ya auna nan ƙwaya ke sauka. Bindigogi da yawa, har sababbi fil daga kamfani, suna harbi sama ko ƙasa ko hagu da 'yan inci. Inci biyu a yadi 15 ya zama fiye da inci biyar a yadi 40, kuma wannan ya isa a kuskure kan zakara. In an ga haka sai a gyara saiti, ko a ɗaura madubin auna mai jan ɗigo, wanda ya zama ruwan dare a wurinsu.

Sai a koma yadi 40, wato mita 36 da rabi, a sa harsashin da za a shiga daji da shi. Nan akwai wata dabara da nake so ku riƙe da kyau. Bayan an harba, ba a zana da'ira a kewaye da ɗigon da aka auna. Ana cire takardar, a shimfiɗa ta, a duba inda ƙwayoyi suka fi cunkushewa, a nan ake kafa tsakiyar da'irar. Ƙusa da zare da fensir sun isa: zare mai tsawon inci 5 ya ba ka da'ira mai faɗin inci 10. Sannan a bi ramukan da biro, duk wanda aka ƙirga a soke shi da alama don kada a maimaita. Wasu kan juya takardar ta baya, don ta nan bakin kowane rami yake tasowa ya fi fitowa. Ma'aunin da ya yaɗu a tsakaninsu shi ne ƙwaya 100 cikin da'irar inci 10. Ba doka ba ce, lissafin gogewa ne, amma yana da ma'ana: in ƙwaya 100 sun bazu daidai a wannan fili, da wuya kai da wuya su tsira daga uku ko huɗu a wurin da ke kashewa. Daga nan ne ake ɗora hoton kan talo-talo mai nuna ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya, a matsar da shi nan da can a cikin da'irar, a ga ko akwai gurbin da zai shige. Yawan ƙwaya da gurbi a tsakiya bai kai matsakaicin adadi da ya bazu sosai ba.

Kuma harbi ɗaya ba shaida ba ne. Harsasai biyu daga kwali guda ba sa zana abu ɗaya, don haka masu hankalinsu kan harba uku zuwa biyar, kowanne da sabuwar takarda, su rubuta nisa da irin harsashi da yanayin ranar a gefe. Na fi yarda da wanda ke aiki da mafi munin takardunsa a kan wanda ke ɗaukar hoton mafi kyau yana nuna wa abokai.

Wannan gwaji ya girmi farautar talo-talo ta zamani. Tun a ƙarni na 19 maƙeran bindiga suka gano cewa in aka ɗan maƙure bakin bututu, ƙwaya ta fi tafiya a dunƙule. W. W. Greener na Birmingham a Ingila shi ya fi shahara da wannan aiki, kuma bindigoginsa sun yi zarra a gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875. Ma'aunin da aka gada daga wancan zamani shi ne da'irar inci 30 a yadi 40: bakin da ba a maƙure ba kan zuba kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyinsa a ciki, cikakkiyar maƙura kuwa kashi 70. Maharban talo-talo sun ga inci 30 ya yi wa abin da suke nema yawa, suka rage zuwa 10, wanda filinsa kashi ɗaya ne cikin tara na wancan. Suka kuma ƙara matse baki. Bindiga mai lamba 12 faɗin bututunta inci 0.729 ne, maƙurar talo-talo kan sauko da shi wajen 0.665. Amma takarda ta sha nuna cewa matsewa na da iyaka. In ta yi yawa sai ƙwayoyin dalma su lanƙwashe a bakin fita, waɗanda suka lanƙwashe kuwa ba sa tafiya miƙe.

Batun ƙwaya shi ma lissafi ne. A oza ɗaya ta dalma, wato giram 28, ƙwaya mai lamba 4 kusan 135 ce, lamba 5 kusan 170, lamba 6 kusan 225. Manya sun fi ƙarfin shiga amma ba su da yawa, ƙanana suna cika takarda amma ƙarfinsu na saurin mutuwa. An daɗe ana wannan ciniki har aka zo da ƙwayar ƙarfen tungsten da suke kira TSS, wadda nauyinta ya kai giram 18 a girman da dalma ke da giram 11 da ɗoriya. Da wannan nauyi, 'yar ƙaramar lamba 9 tana shiga kamar lamba 5 ta dalma, ga ta kusan 360 a oza. Da kamfanin Federal ya fito da ita kasuwa a 2018, sai ƙananan bindigogi irin .410, da a da ake ba yara, suka koma hannun manya. Tsadarta ce abin kuka, harsashi guda kan haura dala 10, kuma hakan ya sa wasu ke harba ɗaya tak su ce sun gwada.

A nan nake rabuwa da wasunsu. Gwajin da aka ƙirƙira don mutum ya san iyakarsa ya zama gasar alfahari, kowa na neman ƙwaya 300 ko 400 a da'ira don ya sami hujjar harbi a yadi 60 ko 70. A wannan nisa iska kaɗan na karkatar da harbi, ido na kuskuren auna tazara, tsuntsu na iya ɗaga ƙafa kafin ƙwaya ta isa. Ga kuma ramuwar gayya daga kusa: bindigar da aka matse haka, a yadi 10 faɗin harbinta bai wuce inci biyu ko uku ba, kan zakara kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da yawa sun kuskure tsuntsun da ya zo har gabansu. Shi ya sa tsofaffin hannu ke gwadawa a yadi 10, da 20, da 30, ba 40 kaɗai ba.

To, ranku ya daɗe, me ya shafe mu? Zabo ba talo-talo ba ne. Bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, jikinsa ake harbi, sau da yawa yana gudu ko ya riga ya tashi. Saboda haka kada wani ya ce sai ya tara ƙwaya 100 a inci 10. Tsohuwar da'irar inci 30 ta fi dacewa da ku, zare mai inci 15 ke nan. Takardar buhun siminti da aka buɗe aka haɗa biyu, ko babban kwali, sun wadatar. Ku yanka kwali daidai girman zabon da aka fige, ku yi ta matsar da shi cikin da'irar. Muddin duk inda kuka ajiye shi ƙwaya huɗu ko biyar na samunsa, wannan nisa naku ne. Ku ƙara taku biyar ku sake. Inda kwalin ya fara samun mafaka, nan bindigarku ta tsaya, komai kirarin da ake yi mata a dandali. Ku auna tazarar da takunku na kanku, don a daji ba mai riƙe muku awo. Tsuntsun da aka harba bayan wannan iyaka, in ya tafi da ƙwaya ɗaya a ciki, mushe zai zama a gindin wani kurmi: ba a yanka ba, ba a ci ba, an kuma rage irin da zai yi ƙwai da damina.

Masu bindigar toka, ku ne gwajin zai fi yi wa amfani, domin ku ke haɗa ɗurinku da hannu. Ku sami ma'auni guda na albarushi da guda na ƙwaya, ku daina aunawa da tafin hannu, in ba haka ba kowane harbi baƙo ne, takarda ba za ta koya muku kome ba. In za ku canza, ku canza abu ɗaya a lokaci ɗaya: ko yawan ƙwaya, ko irin abin da kuke toshewa da shi. Masu irin wannan bindiga ta ɗuri a Amurka sun daɗe da sanin cewa ƙara albarushi tarwatsa harbi yake yi, yakan ma bar rami a tsakiya. Don haka wanda ya ga ƙwaya ta warwatse kada ya ce ƙarfi ne ya gaza ya ƙara ɗuri, bututun da maƙeri ya haɗa yana da iyakar abin da zai ɗauka. Gutsattsarin ƙusa da yankakken ƙarfe ba sa tafiya miƙe, takarda za ta nuna muku da idonku. Garin da ke cikin harsashin kanti kuwa, kada a kuskura a juye shi a bindigar toka. Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, fasa bututu yake yi a fuskar mai harbi.

Wurin gwaji ya zama akwai tudu ko gaɓar rafi a bayan takardar, ba dutse ba, ba hanyar shanu ko ta masu itace ba. A halin da ƙasa ke ciki, ƙarar bindiga a bayan gari na iya tayar da hankalin unguwa guda, saboda haka a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tukuna, kowa kuma ya zo da lasisinsa.

Roƙona ga sarakunan baka shi ne, kowanne ya tsayar da rana guda bayan an kawar da amfanin gona, kafin a fara fita, ya tara mutanensa da bindigoginsu a wuri ɗaya. A fara da samarin da suka karɓi bindiga bana, kowa ya harba takardarsa, a rubuta masa yawan takunsa a jiki, ya tafi da ita gida.

Allah ya tsare ku a daji, ya dawo da ku lafiya. Wassalam.