Ina Mujiya Ta Tafi?

Duk manomin Kanya Babba da ya buɗe rumbu ya tarar da kashin ɓera cikin gero, kafin ya tsine wa ɓera ya tambayi kansa ina mujiya ta tafi. Mun ɗauke ta tsuntsuwar mayu. Yara su harbe ta da danƙo, manya su sare kukar da take yini a kogonta, alhali ita ce mai gadin da ba ta karɓar ko sisi. Lissafin ba wuya: gero ya sha rana ya yi ƙwaya, ɓera da fara su ci geron, mujiya da shaho da balbela su ci su. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, ya nuna cewa ƙarfin abinci raguwa yake yi a kowane mataki, kuma ana ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa. Shi ya sa na sama ba su da yawa, rasa ɗaya ma giɓi ne. Ƙasar Sin ta yi gangamin kashe gwara a 1958 don kare hatsi, sai fara ta samu sake. Mu kuma namu salon, a sayo gubar ɓera ranar kasuwa a barbaɗa, ɓeran ya fito fili ya mutu, shaho ko mage su ɗauka su bi shi. A ganina, malaman gonar ƙaramar hukumarmu ta Ɓaɓura su riƙa haɗa wannan bayani da na taki idan sun tara manoma kafin damina.