Wa Zai Gaji Bindigogin Adibo?

Kwanakin baya wani dattijo ya bugo waya cikin shirin da nake gabatarwa da dare. Ranar muna hira ne kan kayan gado, ya ce yana da magana. Ya ce a gidansu akwai wata doguwar bindigar toka da ta fi shi tsawo lokacin yana yaro, an naɗe ƙotarta da fata, an ɗaura mata layu da wuri. Kakansa ya gaya masa da ita aka je Adibo. Bara ya kwanta asibiti, kafin ya dawo 'ya'yansa sun sayar wa wani dillali da ke yawo gida-gida yana neman tsofaffin kaya. Na ce, "Baba, nawa aka ba su?" Ya ce, "Ɗana, kuɗin bai kai na buhun masara ba." Daga nan ya yi shiru, har na ɗauka layin ne ya yanke.

Tun daga ranar abin yake ci mini rai. Tsofaffin bindigogin ƙasar nan suna ƙarewa, kuma ta ƙofa uku suke fita. Dillali ya saya ya kai Ankara, daga can ta tsallaka teku. Mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin nauyi. Wadda ta faɗa hannun hukuma kuwa a haɗa ta da na 'yan fashi a cinna musu wuta. Ra'ayina shi ne a tattara su, a kashe bakinsu, a rubuta labarin kowace, a ajiye su a nan Arewa inda 'ya'yanmu za su gan su. Na san akwai masu jin wannan magana kamar saɓo, kuma da su nake.

Bari mu fara da abin da ake zubarwa. A ranar 4 ga Disamba 1896, rundunar Jamusawa ƙarƙashin wani hafsa mai suna von Massow ta gamu da mayaƙan Dagomba a Adibo, kudu da Yendi, a zamanin Ya-Na Andani. Dagombawa dubbai ne, sojan Jamus kuwa ba su wuce ɗari ba, amma Jamusawa suka yi galaba, suka wuce suka ƙona Yendi. Yaron makaranta zai tambaya, yaya aka yi haka? Ka ba shi bindigar toka ya riƙe, zai ba kansa amsa. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna da sanda, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, sannan a ja kunama dutsen ƙyastu ya ba da wuta, in ya ga dama. In ruwa ya taɓa albarushin, shi ke nan. Kafin mutum ya gama ɗuri ɗaya, mai bindigar da ake sa wa harsashi ta baya ya yi harbi da yawa, kuma daga nesan da taka ba ta kaiwa. Gani ya kori ji. Babu littafin tarihin da zai koyar da wannan darasi kamar nauyin ƙarfen a hannun yaro.

Kuma wannan bambanci shirya shi aka yi. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka amince a hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar mana ta ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara shida kafin Adibo ke nan. Abin da ya sami Yendi shi ya sami Kano a Fabrairun 1903, ya sami Sakkwato a Maris, ya sami Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar. Duk wanda ya ce kakanninmu ragwaye ne, ko ya ce asiri ne ya ci su, a kai shi gaban bindigar nan a nuna masa.

Akwai kuma labarin hannu. Waɗannan bindigogi da yawansu daga Birmingham ta Ingila aka ƙero su, Turawa kuma suna kiransu da sunan mutanen Denmak da suka yi ciniki a bakin tekun Ankara. Amma da suka iso nan ba su zauna yadda suka zo ba. Maƙeranmu sun sauya musu ƙota, sun gyara kunama, sun ƙera sababbi daga tushe. Maƙeran Samori sun kwaikwayi bindigogin Faransa masu harsashi. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an ƙera masa igwa a cikin garinsa. Mu da muke kukan cewa ba mu taɓa ƙera komai ba, ga shaidar ƙira muna sayar da ita a kan sikeli.

To, ga masu suka. Na farko shi ne wanda zai ce: a Arewacin Gana za ka yi mana waƙar bindiga? Ka manta 1994, lokacin da faɗan Konkomba da Nanumba da Dagomba ya cinye ƙauyuka? Ka manta Maris 2002, da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi, aka shekara goma sha bakwai kafin a naɗa sabon Ya-Na a 2019? Ba ka jin labarin Bawku? Ban manta ba. A garin nan na tashi, na san dokar hana fita, na san yadda uwa take ƙirga 'ya'yanta da magariba. Saboda haka ne ma nake wannan magana. Yau ina bindigogin suke? Suna ƙarƙashin gado, suna cikin rufin ɗaki, suna hannun samarin da ba su san komai game da su ba sai ƙara. Bindigar da aka toshe bakinta aka sa a bayan gilashi ta daina kisa har abada. Wadda ke ƙarƙashin gado ba ta daina ba. Duk shekara a lokacin Damba ko Bugum ko jana'izar wani babba, sai mun karanta sanarwar wanda tsohuwar bindiga ta fashe a hannunsa, ko wanda harbin murna ya samu. Gidan tarihi hanya ce ta raba mutane da makami ba tare da an raba su da mutuncin gidansu ba. Dattijon da ba zai taɓa miƙa bindigar kakansa ga ɗan sanda ba, zai iya miƙa ta inda za a rubuta sunan kakan a jikinta.

Na biyu shi ne wanda zai ce bindigar nan kayan kunya ce, gara a narkar da ita. Wannan ya fi na farko hujja, kuma ba zan kauce masa ba. Gaskiya ne, da mutane aka sayi bindigogi da yawa. Dagomba ta yi shekaru tana biyan Asante haraji da bayi har zuwa 1874, kuma rundunar 'yan bindigarta, Kambonsi, daga tsarin Asante aka ɗauko ta, sunan ma abin da yake nufi ke nan. Kasuwar Salaga, inda kakannin wasunmu 'yan zango suka zo fataucin goro, ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Babatu, jagoran Zabarmawa da kabarinsa yake Yendi, da bindiga ya addabi ƙasar Gurunsi, kuma har yau mutanen Sandema suna bikin Feok duk Disamba don tuna ranar da suka kore shi. Ni Bahaushen zango ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: akwai hannun namu a wannan ciniki. Amma wa narkar da bindigar zai amfana? Jikan wanda aka kama, ko jikan wanda ya kama? Mai laifi ne yake son shaida ta ɓace. In aka ajiye bindigar aka ajiye mari da sarƙa kusa da ita, aka rubuta gaskiya a ƙasa, yaron Sandema da yaron Yendi za su tsaya gaban abu ɗaya su ji labari ɗaya. In aka narkar, kowa ya koma gida ya ci gaba da jin wanda kakarsa ta zaɓar masa.

Na uku su ne 'yan'uwana masu cewa ai gado ne, ba mai taɓa mana. Ku ma ina da magana da ku. In gado ne, ina sunan wanda ya fara riƙe ta? A wane yaƙi? Wane maƙeri ya gyara ta? In ba ku sani ba, to tsatsa kuke gado. Kuma kada wani ya fake da maganata ya ce AK-47 ɗin da ya ɓoye a rami kayan tarihi ce. Wannan ta hukuma ce, a karɓe ta a sare ta, ni zan fara yin shela. Gana tana da hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da dokar 2007, kuma aikin da take yi na lalata makaman da aka kama aiki ne mai kyau. Abin da nake nema ƙarami ne. Kafin a kunna wuta, a kira masanin tarihi ya duba tarin. In akwai ta ƙyastu mai shekara ɗari da hamsin a ciki, a ware ta. Wuni guda zai ɗauka.

Sai dillalai da iyayen gidansu na ƙetare. A Turai da Amurka tara tsofaffin bindigogi sana'a ce babba, da gidajen gwanjo da littattafan farashi. Ba na zagin mai sha'awa don yana da sha'awa. Da yawansu sun fi mu kula da abin da suka saya, suna shafa mai, suna auna tsawo, suna bin tambarin maƙera. Amma ku duba abin da yake faruwa da bindigar dattijon nan in ta isa can. Za a rataye ta a bango a rubuta cewa bindigar Afirka ta Yamma ce, ƙarni na 19. Adibo ta faɗi a hanya, sunan kakan ya faɗi, ma'anar layun ta faɗi. Abin da ya sa ta fi sauran ƙarafa daraja yana cikin kan wani tsoho a Tamale, shi kuma ba a saye shi ba. Dokar gidajen tarihi ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga Gana ba tare da izini ba, amma doka ba ta zuwa ƙofar gida da kuɗi a hannu ranar da ake neman na magani. Dillali yana zuwa.

Mu dubi Kumasi mu ji kunya. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka mayar wa fadar Manhyia kayan zinariya da azurfa guda 32, cikinsu har da waɗanda sojan Ingila suka kwasa a 1874. Aro aka ba su, na shekara uku. Mai kaya yana aron kayansa! Asantawa aƙalla suna iya cewa da ƙarfi aka ƙwace. Mu me za mu ce wa jikokinmu in sun je roƙo nan da shekara ɗari? Za a fito musu da rasit.

Kada a ce ba kuɗi ko ba wuri. Kumasi tana da gidan tarihin soja a tsohuwar ganuwarta, cike da makamai, yara 'yan makaranta suna shiga kullum, ba wanda ya fito ya zama ɗan fashi. Kano tana da Gidan Makama. Bolga tana da gidan tarihi, Ho ma haka. Tamale, wadda take hedikwatar Arewa tun 1907, ba ta da irin nasu. Amma a garin nan ɗanmu Ibrahim Mahama, mai zane, ya jawo tsofaffin jiragen sama da taragon jirgin ƙasa ya girke a Red Clay, yara suna shiga ciki suna karatu. In mutum ɗaya ya iya kawo jirgin sama Tamale, majalisar sarakuna da jami'ar UDS da hukumar gidajen tarihi ba za su kasa samun ɗaki ɗaya da makulli ba.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran Ankara ba. Fadar Gbewaa da sarakunan zango su yi kira, duk gidan da ke da tsohuwar bindiga ya kawo a rubuta. 'Yan sanda su tabbatar an toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba. Ɗaliban tarihi su zauna da dattawan gidan da na'urar ɗaukar magana, da Dagbanci ko Hausa ko Gonjanci, kafin a taɓa ƙarfen. Bindiga ta ci gaba da zama mallakar gidan, ajiya ce suka bayar, sunansu yana jiki. Waɗanda Kambonsi suke harbawa a biki kuma a yi musu rajista, maƙeri ya riƙa duba su kafin kowace Damba. Mu ma'aikatan rediyo namu shi ne shela, kuma na ɗauki alkawarin nawa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin. Ƙarfe zai iya jira shekara goma, mai shekara tamanin ba zai iya ba. Wanda ya ji labarin Adibo daga bakin wanda ya je, yau da wuya a same shi. Saura waɗanda suka ji daga wanda ya ji, su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Dattijon nan ya sake bugowa bayan mako biyu. Ya ce ya bi sawun dillalin har kasuwar Aboabo, aka ce masa kayan sun riga sun wuce kudu. Na ce, "Baba, to ka ba mu labarin, mu ɗauka." Ya zo tashar da jikansa, ya yi magana ta minti arba'in, ya faɗi sunan kakansa da na maƙerin da ya sauya ƙotar da abin da aka ce an rubuta a cikin layun. Muryar tana nan a ajiye a wurina. In wani ya san inda bindigar ta sauka, ya neme ni, ina da rabin da ya ɓace masa.